Kunnen Aro

Na shiga aikin masaƙa a Bompai bayan samun 'yancin kai da kaɗan, ina saurayi, gemuna bai gama tsirowa ba. Mahaifina ya so in zauna a zaurensa in ci gaba da karatu, ni kuwa na ga sa'o'ina suna yawo a kan kekunan da suka saya da guminsu, sai na kafe a kan aikin kamfani. Bai hana ni ba. Abin da kawai ya ce shi ne in na je can in kama bakina, domin tun ina yaro an san ni da faɗin abin da na gani ko ba a tambaye ni ba. Mahaifiyata takan ce bakina ba shi da linzami, kuma ba yabona take yi ba.

Ashe a can ba a bukatar wannan gargaɗi. Da zarar an busa jiniya an tayar da injina, baki ya tashi daga aiki. Ko mutum ya manna bakinsa a kunnenka ya ƙwala ihu, iskar bakinsa kawai za ka ji. Ƙarar har a haƙora ake jin ta, in an tashi kuma ta raka ka gida, ka kwanta tana kaɗawa a kanka. Saboda haka masu saƙa suna da yarensu na hannu. In mutum ya haɗa yatsu biyu ya raba su, zare ya tsinke. In ya ɗaga tafin hannu sama, a tayar da inji. In ya kife shi, a tsayar. In ya danna tafin ƙasa a hankali, a sassauta. In ya dafa kafaɗarsa, helma, wato shugaban ma'aikata, na tafe, kowa ya shiga taitayinsa. Waɗanda suka daɗe kuma sun iya karanta leɓe, har gulma suke yi daga wannan bango zuwa wancan.

Mutumin da injinansa ke maƙwabtaka da nawa dogo ne, siriri, ya ba ni kamar shekara goma. Shi ya koya mini ƙulla zare in ya tsinke, da sauya kwarkwaro a cikin ƙoshiya ba tare da na bar yatsana a ciki ba, duk da alamar hannu, ba da baki ba. In na yi daidai ya gyaɗa kai, in na yi shirme ya kama hannuna ya sake nuna mini. A bakin wasu na ji cewa mutumin wani ƙauye ne a bakin kogin Challawa, gaba da Panshekara, iyalinsa suna can, shi kuma yana haya a Tudun Wada. Lokacin hutu ya yi sallarsa, ya koma gindin katanga ya ci abin da ya zo da shi. In an tashi ya hau kekensa ya wuce. Muka yi wata da watanni kafaɗa da kafaɗa ban taɓa jin muryarsa ba, ban kuma damu in ji ba. Ina da abokaina a cikin gari, kuma a lokacin mu 'yan birni gani muke duk wanda ya fito daga bayan ganuwa ba shi da labarin da zai ba mu.

Ran wata Asabar da kaka, ana dab da tashi, ya taɓo ni. Ya dunƙule hannun hagu a ƙirjinsa, ya riƙa goga masa na dama kamar mai kiɗan kukuma. Ya nuna ni, ya nuna kansa, ya nuna gabas, sannan ya yi alamar gobe. Na ɗauka wasa yake, na yi dariya. Shi bai yi ba, ya tsaya yana jira. Sai na gyaɗa kai, don ba ni da abin yi ranar Lahadi, kuma ina son kiɗa ko da yake ba a son sa a gidanmu. Da gari ya waye na ce wa mutanen gida zan raka wani abokin aiki Hotoro, kuma ban yi ƙarya ba.

Bayan azahar na same shi a ƙofar kamfani yana riƙe da kekensa. Bompai ta yi tsit, ba ka jin komai sai warin fatu daga majema da ƙamshin gyaɗa daga wurin masu matsar mai. Ya sa farar riga da hular da ban taɓa gani a kansa ba. Ya yi mini sallama, sai da na ɗan ja baya. Muryar babba ce, mai kauri da zaƙi, amma ya ɗaga ta kamar ina ƙetaren titi alhali ga ni a gabansa. Ya ba ni goro, ya mayar da ni ɓangarensa na dama, ya ce mu taka da ƙafa ya tura keken, domin akwai magana, kuma in zan amsa in juyo in dube shi.

A hanya ya ba ni labari. Tun yana yaro yake bin wani tsoho makaɗin kukuma a ƙauyensu, har ya zama babban ɗan amshinsa, wanda in ya ɗauki amshi sauran suke bi. Da ya yi aure, damina ta ƙi, sai ya zo birni da niyyar ya ɗan yi aiki ya koma. Ɗan aikin ya miƙe ya zama shekaru. Wata rana ya je gida hutu, yana zaune a tsakar gida, ya ce wa matarsa bana gyare sun yi ƙaura daga garin nan, ba a jin kukansu. Ta dube shi, ashe a lokacin gyaren suna ta kuka. Daga nan ya fara lura. Muryar yara ta yi masa nisa. In an sa kukuma a rediyon mai shayi, kiɗan ƙwarya kawai yake ji, siririyar muryar kukumar ta ɓace. Bai gaya wa kowa ba, don a masaƙa in aka san kunnenka ya mutu ana iya cewa ba za ka ji in inji ya sami matsala ba.

Yanzu kuma tsohon ya manyanta, yana ta aiko masa ya dawo, yana so ya bar masa waƙoƙin da kukumar tun yana raye. Yau wani manomi a Hotoro ya gayyace su wasa, tsohon ya ce lallai ya zo ya yi masa amshi.

Ya ce, "Yau zan gwada kaina. In har yanzu ina iyawa, ƙarshen wata zan ajiye aiki in koma gida da ragowar kunnen da ya rage mini. In ba na iyawa, shi ke nan, na zama masaƙi."

Na tambaye shi ni kuma mene ne nawa a ciki. Ya ce 'yan amshi a bayan makaɗi suke zama, ba sa ganin bakinsa. Kukumar ce take gaya musu lokacin shiga: tsohon zai ja bakan kukumar dogo, sannan ya datse shi sau biyu, sai a ɗauka. Wannan datsewar ce ba ya ji. Yana so in zauna a cikin 'yan kallo inda zai hango ni, in na ji ta in yi masa alamar tayar da inji, in amshi ya ƙare in yi masa ta tsayarwa. Ya rera mini yadda take da baki, ya maimaita har na riƙe.

Na ce a raina lallai banza ba ta kai zomo kasuwa, ga ni na ɗauka kallo aka gayyace ni ashe aiki ne. Na ce masa, "To Malam, duk ɗakin saƙa ba ka ga kowa ba sai ni? Ai akwai mutanen garinku."

Ya ce, "Mutanen garinmu suna sona, ɗan birni. Kai kuwa na ga ranar da helma ya ɗaga yadin ƙaninsa yana yabo, ka dubi idonsa ka ce akwai rami a ciki. Daga inda nake na karanta bakinka."

Wannan maganar ita ta sa aka hana ni ranar hutu a wancan watan, ban san akwai wanda ta burge ba. Na ji daɗi, na kuma ji nauyi. Amma na riga na ci goronsa, na yi rabin hanya, komawa ba ta taso ba.

Hotoro a lokacin ƙauye ne, gonaki sun kewaye shi. An yanke gero, dawa tana tsaye ta fi mutum tsawo. Mai gayyatar ba biki yake ba, ba suna ba. Mutum ne mai rufin asiri da ke son kiɗa, in ya kai amfanin gona gida sai ya kira makaɗa ya tara maƙwabta. An shimfiɗa tabarmi 'yan kaɗan a ƙarƙashin wata tsamiya a ƙofar gidansa, an ajiye randar ruwa da ƙwaryar fura. Mata suna bayan danga, ba a ganinsu sai dai a ji motsinsu. Duk taron bai fi a ƙirga shi da ido ba.

Tsohon ɗan ƙaramin mutum ne, idanunsa sun fara fari. Da maƙwabcin nawa ya durƙusa gabansa, sai tsohon ya kama kan mutumin da hannu biyu ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Ya yi masa tambayoyi a hankali, irin maganar tsofaffi, na ga yadda mutumin nawa ya kafa masa ido a baki yana amsawa daidai. Ya gabatar da ni a matsayin abokin aikinsa. Na gaishe su, na ce sannunku da hanya, tsohon ya sa mini albarka. Aka yi la'asar, aka dawo aka zauna. Tsohon a gaba a kan buzu, mai ƙwarya a gefensa, 'yan amshi uku a baya, mutumina a tsakiya. Ni kuma na zaɓi bakin tabarma inda ba kan kowa tsakanina da shi.

Tsohon ya goga wa izgar kukumar ƙaro, ya gwada ta, ya fara. Ban taɓa zama kusa da kukuma haka ba. A rediyo tana fita kamar kukan sauro, a nan kuwa ina jin har gurzar bakan a kan izga, da numfashin tsohon kafin ya ɗauki baiti. Waƙar farko ta noma ce, yana yabon masu kai taki gona tun da rani, yana yi wa ragwaye ba'a. Na kusa shagala. Sai na ji ya ja dogo, ya datse, ya datse. Na ɗaga tafin hannuna, mutumina ya buɗe baki, sauran biyun suka bi shi. Ya shiga a daidai wurin, kamar bai taɓa barin gida ba. Mata suka yi guɗa daga bayan danga.

Muryarsa ta yi ƙarfi da yawa, tana danne ta tsohon. Na danna tafina ƙasa a hankali, ya gani, ya sassauta. Na ji wani alfahari ya kama ni, ni da shi muna tuƙa waƙa daga nesa ba wanda ya sani. Amma tun a amshin farko kunnena ya kama wani abu da bai yi mini daɗi ba. Na tashi a zauren da ake karanta Ishiriniya da baki ɗaya, na san yadda ake ji in mutum ɗaya ya sauka daga kan layin jama'a. Muryar mutumin nan ba ta zauna a kan kukumar ba. Tana gefe, ƙasa kaɗan, kamar murfin da ba na tukunyar ba. Sauran biyun kuma shi suka saba bi, sai su bi shi can, su bar tsohon shi kaɗai a sama. Na duba duk yaren hannunmu na masaƙa, ban sami alamar da za ta ce masa ɗaga murya ba tare da ƙara ƙarfi ba. Inji ba ya bukatar irin wannan magana, shi ya sa ba wanda ya ƙirƙiro ta.

Muna cikin waƙa ta biyu sai ga wata matsalar. Akwai wani maroƙi gajere mai faɗin baki wanda ba a gayyata ba, ya ji kiɗa ya biyo. Ya lura cewa duk lokacin da waƙa ta kai wurin daɗi akwai wani saurayi mai rigar 'yan birni da ke ɗaga hannu. Shi a ganinsa jinjina nake yi, kuma mai yawan jinjina ba ya rasa abin hannu. Ya taso ya tsaya ƙiƙam a gabana, ya baza riga, ya fara shelar cewa ga wanda ya san kiɗa, ga ɗan manya ya zo daga cikin badala, a faɗa masa ɗan gidan wane ne. Ni kuwa in akwai abin da ba na so a ambata a gindin tsamiyar nan, to sunan mahaifina ne. Na leƙa ta dama, ya matsa dama. Na leƙa ta hagu, ya biyo ni. Na zaro ragowar goron na danƙa masa don ya tafi, sai ya tsaya yabon goron.

Ta bayan rigarsa na ji tsohon ya ja dogo ya datse. Ba wanda ya ɗauka. Ƙwarya ta ci gaba ita kaɗai, sauran 'yan amshin suna jiran babbansu, shi kuma yana jiran hannuna. Tsohon ya sake zagayowa ya datse, nan ma shiru. Can sai mutumina ya yi shahada ya shiga da ka, ya faɗa a tsakiyar baitin tsohon, muryoyin suka yi karo. Wani ya yi dariya a baya. Na ture maroƙin da gwiwar hannu, ban ma tsaya ba shi haƙuri ba. Na hango mutumina, gumi ya jiƙa masa hula, idonsa a kaina.

Tsohon bai tsayar da kiɗa ba. Yana cikin gogawa ya muskuta a kan buzunsa, ya juya gefe, rabin bayansa ga mai gida da 'yan kallo, fuskarsa ga 'yan amshinsa. Haka ya ƙarasa wasan, yana buɗe baki sosai, in zai datse ya sunkuyar da kai. Mutane suka ɗauka rana ce ta dame shi. Daga nan mutumina bai sake duban hannuna ba, bai kuma sake kuskuren shiga ba. Dab da za a fara wata waƙa ta mai kwalekwale na ga tsohon ya ɗan sassauta izgar, ya sauko da kukumar ƙasa don ta tarar da muryar. Suka haɗu na ɗan lokaci, abin ya yi daɗi har tsigar jikina ta tashi. Kafin a kai ƙarshen waƙar muryar ta sake zamewa ƙasa, tsohon bai sake bin ta ba.

Aka tashi rana ta yi ja. Mai gida ya yi godiya, ya sa aka kawo musu damin gero da kaji. Mutane suka kewaye mutumina suna cewa murya tana nan, birni bai ci ta ba. Abokan amshinsa suka rungume shi. Tsohon ya sake kama kan mutumina, ya dube shi ido cikin ido, ya ce masa wurinsa yana nan, duk ranar da ya ga dama ya dawo. Da na durƙusa yi musu sallama, tsohon ya riƙe hannuna, wannan da na yi ta ɗagawa, ya ɗan matse shi, ya ce Allah ya yi mini albarka. 

Muka kamo hanya ta cikin gonaki. Na yi ta zuba surutu a kan maroƙin, ina kwaikwayon yadda ya yabi goro, don ina so mu isa titi ba a tayar da ɗaya maganar ba. Ya yi murmushi kaɗan. Da muka fita daga cikin dawa inda akwai sauran haske, ya tsaya, ya jingine keken a jikinsa, ya juyo da ni ina fuskantar yamma.

Ya ce, "Faɗa mini yanzu, tun ina ganin bakinka. In duhu ya yi ba zan ji ba."

Na ce ai ya ji abin da jama'a suka ce. Ya ce ba jama'a ya ɗauko daga Bompai ba.

Ban taɓa jin nauyin gaskiya kamar ranar ba. Ni da nake faɗa wa helma magana ko a jikina, sai ga ni ina neman hanyar zillewa. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa da ya ɗora mini wannan kaya, alhali jiya-jiya ko gaisuwar baki ba ta haɗa mu ba. Na san in na ce ya yi daidai zai ajiye aiki ya koma, tsohon zai yi ta juya masa fuska har ya mutu, bayan nan kuma ya rage shi kaɗai da kukumar da ba ya ji, a gaban mutanen da ba za su yi masa kara ba.

Na ce, "Shigarka daidai, in kana ganin baki ko hannu. Amma muryarka ba ta hau kan kukumar ba, Yaya. Tana ƙasa da ita. Sauran kuma kai suke bi."

Ya ce, "Bayan maroƙin nan ya rikita ni?"

Na ce, "Tun amshin farko."

Ya murza hannun keken. Sannan ya ce tun yana yaro yake bayan tsohon nan, bai taɓa ganin ya juya wa mai gida baya ba sai yau. Ya tambaye ni ko akwai wurin da ya yi daidai, ko ɗaya. Na ce akwai, a waƙar mai kwalekwale, lokacin da tsohon ya sauko da izga, kuma ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Wannan ma gaskiya ce. Ya sa na nuna masa daidai baitin, na faɗa masa, ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi in na ƙulla zare daidai.

Aka kira magariba daga wani masallaci can nesa. Na taɓa shi na nuna masa, muka yi taimama a bakin gona muka yi salla, shi ya ja. Bayan nan ya ce in hau, ya goya ni a keke har Fagge. Da na sauka ya yi mini godiya, ya ce in gaida gida. Na kwana ina tunanin na yi abokin yini ɗaya na kuma kashe abotar da bakina, kamar yadda mahaifiyata ta sha faɗa mini zan yi.

Ranar Litinin na iso ƙofar kamfani na tarar da shi tsaye, ya sa tsohuwar hularsa ta aiki. Ya kira ni gefe, ya ciro wani ɗan gwangwani daga aljihu. A ciki akwai auduga da ya mulmula ƙanana ya jiƙa da man gyaɗa. Ban ankara ba ya kama kaina ya cusa mini ɗaya a kunnen dama, ya juya ni ya cusa ɗaya a na hagu. Na fara faɗa, na ce dariya za a yi mini, a ce ɗan birni ya zo da kunnen amarya, helma kuma dama neman hanya yake. Ya bar ni na gama, yana kallon bakina.

Ya ce, da wannan babbar muryar tasa da har audugar ba ta tare ta ba, "Nawa ya riga ya tafi, ba wanda ya gaya mini. Naka kuma yanzu na mu biyu ne, ba zan bari ka ɓata mana shi ba."

An yi mini dariyar kuwa, kusan mako guda, daga baya wasu suka fara zuwa neman audugar a ɓoye. Shi bai ajiye aiki a ƙarshen watan ba. Ya je gida ya faɗa wa tsohon da bakinsa, aka ba ɗaya daga cikin 'yan amshin nan kukumar, shi kuma ya riƙa koya masa baitocin in ya je hutu. Bai sake yin amshi a gaban jama'a ba.

Amma bai daina zuwa wasa ba. In ya ji labarin za a yi kiɗa a Hotoro ko Dakata ko wani ƙauye kusa, ranar Asabar sai ya taɓo ni ya nuna gabas ko arewa. Mu je mu zauna a gaba, shi yana kallon hannun makaɗi da bakinsa, ni ina saurare. A hanyar dawowa, kafin rana ta faɗi, ya tsayar da keke ya tambaye ni yaya muryar wane, yaya izgar wane, in faɗa masa. Wani lokaci ya yi mini gardama, ya ce ban san kiɗa ba, mu yi ta musu har gari. Muka yi haka shekaru masu yawa, har na yi aure, har 'ya'yana suka tashi suna kiransa Baba.

Kullum da safe kuwa, har ranar da na bar masaƙa, sai ya kama kaina ya leƙa kunnuwan biyu kafin ya bar ni in shiga.